Abin da Abba Ya Sa wa Hannu

Talata, 2 ga Satumba, bayan azahar

Abba ya dawo gida da rana tsaka. Tun da na yi wayo ban taɓa ganinsa a Tungan Maje a irin wannan lokaci ranar aiki ba. Kullum motar farko yake bi zuwa wurin aikinsa a Idu, sai bayan magariba mu ji ƙarar makullan sito a ƙugunsa tun daga bakin ƙofa. Yau babu makullan. Baƙar leda ce a hannunsa, a ciki akwai dardumarsa da butarsa da kofin shayinsa na wurin aiki.

Umma tana tsince shinkafa. Ta kalli ledar, ta kalle shi, ta ce, "Sannu da zuwa." Ya ce, "Yawwa." Ya shige ɗaki. Ta ci gaba da tsintar, amma har tsakuwar take mayarwa cikin tiren.

Laraba, 3 ga Satumba, da safe

Bai fita ba. Ya dai goge takalminsa ya ajiye a bakin ƙofa.

Juma'a, 5 ga Satumba, bayan magariba

Umma ta faɗa mini a kicin, tana juya miya, ba ta ko kalle ni ba. Kamfanin ya sallame shi. Masu bincike sun zo daga Legas, sun ƙirga kayan sito, rodi da siminti masu yawa ba su nan. Na ce, "To shi me ya ce?" Ta ce, "Miƙo mini gishiri."

Kunya nake ji in rubuta wannan, amma abin da ya fara faɗo mini ba Abba ba ne. Makaranta ce. Wata mai zuwa zan shiga aji uku a famasi, fannin haɗa magunguna. Jami'ar ta kuɗi ce, irinmu ba ma shigarta. Na shiga ne domin gidauniyar da na ci jarrabawarta tana biyan rabi, kamfanin su Abba kuma yana biyan rabi a tsarinsu na 'ya'yan ma'aikata. Yanzu Abba ba ma'aikaci ba ne, ni ma ba 'yar ma'aikaci ba ce.

Na miƙa mata gishirin.

Litinin, 8 ga Satumba, da hantsi

Na buɗe fotal ɗin makaranta a intanet. Sun ƙara kuɗi bana. Na rufe, na sake buɗewa, ko idona ne. Ana rufe rajista ranar Juma'a, uku ga Oktoba.

Treasure, abokiyar ɗakina a hostal, ta turo saƙo wai in taho mata da kilishi kamar bara, ita za ta kawo labule. Na tura mata hoton dariya.

Alhamis, 11 ga Satumba, bayan la'asar

Na je ofishin gidauniya a Garki. Mota uku na hau, ruwa ya dake ni a Zuba wajen kasuwar ayaba, na isa hijabina yana ɗiga a kan tayil ɗinsu. Matar da ke kula da mu ta ba ni kujera, har da tishu. Ba ta wulaƙanta ni ba, da ma ta yi, da na sami wanda zan ji haushi.

Ta ce abin da suka amince da shi tun shekarar farko shi za su ci gaba da bayarwa, ba ya hawa don makaranta ta ƙara kuɗi. Wato rabin nan yanzu bai fi kashi ɗaya cikin uku ba.

Na ce, "Anti, mahaifina ya rasa aikinsa."

Ta ce, "Ayya, Khairat. Allah ya kawo wani. Amma ba mu da wani tanadi na irin wannan. Kuma ki sani, ba ma sakin namu sai mun ga shaidar an biya sauran."

Ta ce sakamakona na cikin mafi kyau a wurinsu, suna alfahari da ni. Ta nuna mini hotona a bango, wanda aka ɗauka ranar da aka ba mu tallafin. Abba na tsaye a gefena cikin farar shadda, ya riƙe takardar da hannu biyu kamar za ta tashi sama.

A gida ya tambaye ni ina na je. Na ce wurin ƙawata. Ya ce, "To."

Asabar, 13 ga Satumba, da rana

Bai ci abinci ba. Ana ruwa tun safe.

Lahadi, 14 ga Satumba, da yamma

Maman Jonah, mai gidan da muke haya, ta dawo daga coci ta shigo mana da sabuwar doya daga gonarta. Ta zauna a kan turmi ba ta cire ɗankwalin coci ba. Ta ce wa Umma, "Lantana, maganar haya ka bar shi tukuna. Ni na san Abdulbaƙi. Mutumin da ya tsinci kazana ya bi ni da shi har gona, shi ne za a ce ya ɗauki tirela?"

Umma ta yi dariya, ta farko tun ranar Talatar nan. Sai Maman Jonah ta rage murya ta ce wasu mutum biyu sun tsaya a shagon mai caji jiya suna tambayar gidanmu. Ba su sa kaki ba, amma takalminsu ya nuna.

Talata, 16 ga Satumba, da hantsi

Sun zo. 'Yan sanda ne, sun tafi da Abba.

Talata, bayan isha'i

Ya dawo. Kawu Mika'ilu, ƙanen Umma mai shagon taya a Zuba, shi ya tsaya masa aka ba da belinsa. Abba ya shigo babu hula. Ban tambayi inda take ba. Ya wanke ƙafafunsa ya daɗe yana wankewa, ya rama sallolinsa a tsakar gida.

Duk layinmu sun ga lokacin da aka sa shi a mota. Da na je sayen maggi, mai shago ya ba ni canjina bai ɗago kai ba.

Alhamis, 18 ga Satumba, bayan la'asar

Na je makaranta, ofishin kuɗi. Na tambaya ko za a bar ni in biya kaɗan-kaɗan. Mutumin ya ce ana yi, amma sai an fara ajiye kaso mafi tsoka. Na tambayi jingine karatu na shekara ɗaya. Ya ce wannan mai sauƙi ne, in rubuto. Na kira matar gidauniya daga bakin get, ta ce wanda ya jingine ya fita daga tsarinsu, akwai ɗalibai da yawa a layi suna jira.

Rancen ɗalibai na gwamnati kuma bai shafi makarantun kuɗi ba. Na san haka tun da, amma na sake dubawa har datata ta ƙare.

Na bi ta gaban ɗakin gwaje-gwajenmu. A kulle yake. Na leƙa ta taga, ga kujerata can kusa da famfo. Ban san me ya sa na tsaya ba.

Asabar, 20 ga Satumba, da yamma

'Yan kunnen Umma na gwal ba sa kunnenta. Keken ɗinkinta ma an fitar da shi a a-kori-kura, wurin ya bar alamar ƙafafu huɗu a siminti. Abba ya je Orozo kan ɗan filin da ya saya tun ina firamare, inda yake cewa zai gina mana. Dillalan sun riga sun ji labarinsa. Abin da suka taya ko kuɗin hostal bai kai ba, kuma rabin abin da Umma ta haɗa ya tafi wurin lauya.

Ba wanda ya ce mini don ni ake wannan. Ba wanda yake ce mini komai. In na shigo sai a koma maganar ruwan sama.

Litinin, 22 ga Satumba, da safe

Yau ya yi magana. Ina shara, yana zaune a benci a ƙarƙashin mangwaro, ya ce in ajiye tsintsiyar.

Ya ce, "Kin san Oga Yamusa."

Na san shi. Manajansu ne. Shi yake aiko mana da shinkafa da azumi, shi ya sa hannu aka saka ni a tsarin 'ya'yan ma'aikata.

Abba ya ce, "Yakan kira ni a waya ya ce mota na zuwa, in loda mata kaya kaza, takarda za ta biyo baya. In loda. Wani lokaci takardar ta zo, wani lokaci ba ta zo ba. In na tuna masa sai ya ce, Malam Abdulbaƙi, ni da kai har sai da takarda?"

Na ce, "To ka faɗa musu haka mana."

"Na faɗa. Suka ce ina shaida. Magana ce ta waya. Abin da ke rubuce shi ne ni na buɗe ƙofa. Kuma gaskiya ne, ni na buɗe."

"Amma ba ka ci ko sisi ba."

Ya kalli tafin hannunsa. Ya ce, "Na ci shinkafa." Daga nan ya ce in ƙarasa sharata.

Laraba, 24 ga Satumba, bayan la'asar

Oga Yamusa ya zo da kansa. Ya bar motarsa can bakin titin Gwagwalada ya tako da ƙafa, taɓo ya ɓata masa takalmi. Suka zauna a benci. Umma ta ƙi fitowa, ni aka aika da ruwa.

Ya ce, "A'a, likitarmu ce? Aji nawa yanzu?" Na ce uku zan shiga. Ya ce, "Za ki shiga, in sha Allahu. Za ki shiga." Yana faɗa yana kallon Abba.

Na koma kicin. Tagar kicin tana kallon mangwaron, kuma ban rufe ta ba.

Ba duka na ji ba. Na ji ya ce lauyan kamfani mutuminsa ne. Na ji ya ce in aka ja maganar za ta shekara biyar a kotu, ta cinye kowa. In mutum ɗaya ya amsa cewa shi kaɗai ne, aka rubuta, ya sa hannu, to tara ce kawai za a yanka, shi kuma zai biya a ranar. Sai ya ce, "Yarinyar nan kuma ka bar mini ita har ta gama. Ni da kai ba za mu bari ta zauna a gida ba."

Da Oga zai tafi ya ajiye ambulan a benci, Abba ya bi shi da ita har bakin ƙofa ya mayar masa. Na ji daɗin wannan. Na ɗauka amsar ke nan.

Alhamis, 25 ga Satumba, da asuba

Ban taɓa jin Umma ta ɗaga wa Abba murya ba sai yau. Ta ce, "Sunanka fa? Shi kaɗai ya rage mana." Ya ce sunan ai ya riga ya tafi ranar da aka sa shi a mota a gaban mai shago. Ta ce, "Wannan zargi ne. Wancan kuwa da bakinka." Ya ce ko ya amsa ko bai amsa ba shi za a kama, gara a kama shi da riba.

Ta ce, "Riba."

Na ja bargo na rufe kaina, kamar ƙaramar yarinya.

Juma'a, 26 ga Satumba, bayan sallar Juma'a

Na tare shi da ya dawo daga masallaci. Na ce na fasa karatun. Zan sake rubuta jarrabawa in nemi jami'ar gwamnati, in fara daga aji ɗaya, ko in zauna a kemis ɗin bakin titi in riƙa sayar da magani. Na ce ba na so, wallahi ba na so.

Ya ce, "Wa ya ce miki wani abu?"

Na ce taga.

Ya zauna ya cire takalminsa a hankali. Ya ce, "Khairatu, ni aji uku na sakandare na tsaya, saboda kuɗin da bai kai na buhun masara ba. Kullum ina cewa baɗi zan koma. Kin ga baɗin." Na ce wannan daban. Ya ce, "Ba shawararki na nema ba. Je ki taya uwarki."

Bai taɓa yi mini magana haka ba.

Lahadi, 28 ga Satumba, da rana

Bai ci abinci ba. Umma ma. Ni na ci, ina jin haushin kaina ina ci.

Litinin, 29 ga Satumba, da yamma

Ya fita da safe cikin farar shaddarsa. Ya dawo da la'asar, babban yatsansa da shuɗin tawada. Ya wanke da omo, bai fita duka ba.

Talata, 30 ga Satumba, da hantsi

Saƙo ya shigo wayata daga makaranta. An biya tun jiya da safe. Na buɗe fotal, inda yake ja ya koma kore.

Na zauna a bakin gado da wayar a hannu. Abin da ba zan iya gaya wa kowa ba shi ne, kafin kukan ya zo, sai da na ji sanyi a raina. Na ɗan lokaci ne, amma na ji shi.

Na tura wa gidauniya risit. Matar ta amsa da "Alhamdulillah, na taya ki murna."

Laraba, 1 ga Oktoba

Hutu. Yara na ta buga ƙwallo a layi.

Litinin, 6 ga Oktoba, da safe

Yau aka fara lakca. Treasure ta kira sau biyu, ban ɗauka ba. Na rubuta mata cewa zazzaɓi nake. Gobe ne kotu. Abba ya ce kada in je. Umma ta ce zan je.

Talata, 7 ga Oktoba, bayan magariba

Ba a daɗe ba. Na ɗauka abu irin wannan yana ɗaukar yini.

Aka karanta tuhumar. Aka tambaye shi. Ya amsa laifin, muryarsa ƙasa-ƙasa, har alƙali ya ce ya maimaita. Ya maimaita.

Oga Yamusa bai zo ba. Direbansa ne ya zo ya zauna a bencin baya da jaka a cinya, kuɗin tara ke nan. Alƙali ya yi ta rubutu. Ya ce kayan suna da yawa, kuma amana aka ba shi. Ya ce shekara biyu. Lauyanmu ya miƙe ya roƙi zaɓin tara. Alƙali ya ce babu.

Na waiwaya, direban ya riga ya fita.

Abba ya cire agogonsa ya ba Kawu Mika'ilu. Ya ce wa Umma, "Ki kula da hawan jininki." Ni kuwa ya dube ni ya gyaɗa kai, irin yadda yake yi in na nuna masa sakamako.

Mun dawo mu biyu a bayan keke napep. Umma ta riƙe hannuna har gida, da ƙarfi, har yanzu wurin yana ciwo.

Laraba, 8 ga Oktoba

Takalminsa na bakin ƙofa. Ba wanda ya ɗauke.

Alhamis, 9 ga Oktoba, da yamma

Kawu ya kira lambar Oga a gabanmu. A kashe. Ya je gidansa a Gwarinpa, maigadi ya ce ya yi tafiya, bai san ranar dawowa ba. Kawu ya ce, "Na bana dai ya biya, ba za su iya karɓewa ba." Bai yi maganar baɗi ba, ni ma ban yi ba. Bayan bana, saura shekara biyu in gama.

Maman Jonah ta shigo ta zauna da Umma tun azahar. Gyaɗa ta kawo suka yi ta ɓara.

Asabar, 11 ga Oktoba, bayan la'asar

Mun je Kuje. Bari in rubuta shi yadda yake: mun je gidan yari wurin Abba.

Muka bi ta Giri. Umma ta yi masa tuwon shinkafa da miyar taushe, a bakin get aka sa ta ɗanɗana a gabansu. Layin masu ziyara kusan duk mata ne, kowa da kular abinci, ba mai kallon wani.

An yi masa aski. Kansa ya yi ƙarami. Ya tambayi Umma maganinta, ya tambayi ko rufin kicin na yoyo har yanzu. Sannan ya juyo.

"Ba Litinin aka koma ba?"

Na ce eh.

"To me kike yi a nan?"

Na ce, "Abba, ya yaudare ka. Ya ce tara. Wayarsa a kashe, ya gudu."

Ya ce, "Na yi aiki da mutumin nan tun ba a yaye ki ba. Kina ganin ban san zai iya ba?"

Umma ta juya fuskarta bango.

Ya ce, "Shi ya sa na ce ba zan sa hannu ba sai ya nuna mini risit na shekara cikakkiya. Na bana na iya karɓo miki. Na baɗi ban san inda zai fito ba, kada in yi miki ƙarya."

Na ce ba zan iya zama a aji ba ina sanin abin da aka biya da shi. Na ce duk littafin da na buɗe shi zan gani.

Ya ce, "To ki gan ni, ki karanta. In kin zauna a gida ba za su rage mini ko kwana ɗaya ba."

Ganduroba ya buga ƙarfe. Abba ya ɗauki kular, ya ce wa Umma miyar ta yi ƙamshi. Ya tafi bai waiwayo ba. Silifas ɗin da ke ƙafarsa ba nasa ba ne, sun yi masa yawa.

Lahadi, 12 ga Oktoba, da yamma

Umma ta haɗa mini kaya da kanta: gari, ƙuli-ƙuli, yaji, sabulu. Za ta fara soya awara a bakin titi, Maman Jonah ta ba ta aron kasko. Na ce in zauna ko mako ɗaya in taya ta. Ta ce, "Kin ji abin da ya ce." Tun ranar kotu ba ta kira sunana ba. Ban sani ba ko ta lura.

Litinin, 13 ga Oktoba, bayan azahar, a hostal

Na shiga lakcar safe. Na zauna, na rubuta duk abin da malamin ya faɗa, shafi huɗu. Yanzu na duba, rubutuna ne, amma ban tuna komai ba.

Treasure ta rungume ni, ta ce na rame, zazzaɓin nan bai yi mini da wasa ba. Ta rataya labulenta, ruwan hoda. Ta tambayi kilishi, na ce na manta. Tana jera takalmanta a ƙarƙashin gado ta ce, "Ya su Momi? Ya Dadi, har yanzu yana Idu?"

Na ce, "Yana Kuje."

Ta ce, "Ah, kun tashi daga Tungan Maje?"

Na ce, "Shi kaɗai."

Ta tsaya da takalmi ɗaya a hannu. Ban jira ba, na ɗauki farar rigata na fita. Akwai gwaji ƙarfe biyu, kuma malamin ba ya barin wanda ya makara ya shiga.